Amsa ga ɗan'uwan da ke neman manhajar rubuta awoyin tashi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka gama horo da awa ɗari biyu da 'yan kai a littafin takarda, an ɗauke ka mataimakin matuƙi, kamfani ya ba ka iPad, wayarka kuma Android ce, kana so a gaya maka manhajar da za ka koma. Ka ƙara da cewa jimillar da ka haɗa da hannu ta ƙi daidaita da ta makaranta, har abin yana hana ka barci. Wallahi wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na kasa wucewa. Na san ciwon, kuma da wuya a samu wani a nan da bai ɗanɗana shi ba.

Kafin sunan kowace manhaja, ka riƙe wannan: kada ka rubuta awoyinka a iPad ɗin kamfani kaɗai. Ba taka ba ce. Sashen kwamfuta na kamfanin ne ke da iko da ita, suna iya goge ta daga ofis, kuma ranar da ka ajiye aiki ko aka sallame ka, ita ce farkon abin da za a ce ka miƙa. Asusun manhajar ya zama da imel ɗinka na kanka, ba na wurin aiki ba, domin shi ma ana rufe shi a rana ɗaya.

Tunda wayarka Android ce, LogTen ta fita daga lissafi, kayan Apple kawai take bi, duk da cewa tana da kyau ga matuƙan jiragen fasinja. ForeFlight ma a kan iPad da iPhone aka gina ta, littafin awoyinta kuma wani sashe ne na babbar manhajar taswira da tsara tafiya, wadda da ƙyar za ka buƙata tunda kamfani yana ba ka nasa kayan aiki. Haka Garmin Pilot, tana aiki a Android da iPad, amma ta fi dacewa da mai tuƙa ƙaramin jirgi. A halin da kake ciki biyu zan ce ka gwada. MyFlightbook kyauta ce, tana kan intanet, tana da manhaja a Android da iPad, kuma kana fitar da bayananka ba tare da an nemi ko kwabo ba, sai dai tsarinta ya fi karkata ga dokokin Amurka, dole ka zauna ka gyara saitin. CrewLounge PILOTLOG ta kuɗi ce, tana aiki a Windows da Mac da waya iri biyu, tana ɗauko rosta, wato jadawalin aikin matuƙa, daga tsarin kamfanonin jirage da yawa, tana kuma buga littafi a fasalin hukumomi daban-daban.

Amma duk wadda ka ɗauka, a ranar farko ka shigar da tafiya goma, sannan ka nemi hanyar fita. Ka fitar da su a fayil ɗin CSV, wato fayil mai layuka da gurabe da ake buɗewa a Excel, ka buɗe a kwamfuta, ka duba ko kowane gurbi ya fito: lambar jirgi, sunan kyaftin, awoyin dare, adadin sauka, bayanin gefe. Ka fitar da PDF ka buga shafi ɗaya. Sannan ka rubuta wa masu manhajar ka tambaye su kai tsaye me zai faru da bayananka idan kuɗin shekara ya ƙare ba ka biya ba. In amsar ta zo da kwana-kwana, ka bar ta.

A nan ne raina yake ɓaci. Akwai masu manhaja, ba zan kama suna ba, da suke barin mutum ya zuba awoyin shekara da shekaru, ranar da kuɗinsa ya ƙare su kulle masa wurin bugawa da wurin fitar da fayil. Yana ganin awoyinsa a allo amma ba zai iya ɗauka ba. Kuma yaushe kuɗin yake ƙarewa? Lokacin da mutum yake zaune a gida ba aiki, an ajiye jiragen kamfaninsa, albashi ya tsaya wata da watanni, ga wani kamfani ya kira shi ganawa jibi. Da dala ake biya, katin naira kuma ba kullum yake wucewa ba. Sai ka ga magidanci yana bin 'yan'uwa a waje da roƙon su biya masa kuɗin manhaja don ya karɓi abin da shi ya rubuta da hannunsa, a kan tafiye-tafiyen da ya yi cikin hazo da hadari. Wannan zalunci ne, ko da an rubuta shi a cikin sharuɗɗan da muke danna amincewa ba mu karanta ba. Tamkar ka ba mutum ajiyar hatsinka ne, ranar da yunwa ta zo ya ce sai ka sayi mabuɗin rumbun. Shi ya sa nake roƙonka, ƙarshen kowane wata ka fitar da CSV da PDF, ka ajiye ɗaya a imel, ɗaya a filashi a gida. Minti biyar ne.

Yanzu maganar jimillarka. Kafin ka zargi makaranta, ka duba yadda aka rubuta lokacin. Yawancin ƙananan jiragen horo agogonsu yana ƙirga ne da kashi goma na awa, kowane 0.1 minti shida ne. Awa ɗaya da rabi ita ce 1.5, ko 1:30 in da minti aka rubuta. Wanda ya kwafi 1:30 ya shigar da 1.30 ya mayar da ita awa ɗaya da minti 18, ya yi asarar minti 12. Wanda ya mayar da 1:50 zuwa 1.50 ya yi asarar minti 20 a layi guda. Ka tara irin wannan a shafi talatin ka ga inda awoyi suke zubewa. Abu na biyu, awoyin sim, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi a ƙasa. Gurbinsu daban ne, ba sa shiga jimillar lokacin tashi, amma ɗalibai da yawa suna haɗa su. Na uku, jimillar ƙasan shafi da aka ɗauka zuwa shafi na gaba ba daidai ba. Kuskure ɗaya a shafi na huɗu yana bin ka har ƙarshen littafi.

Saboda haka kada ka shigar da tsofaffin awoyinka dunƙule guda. Awa ɗari biyu ba yawa ba ce, ka shigar da su layi-layi. Kana gama kowane shafi ka kwatanta jimillar manhaja da ta takarda kafin ka juya. Inda suka saɓa, nan kuskuren yake. Kada ka goge komai a takardar, kada ka shafa farin ruwan gyara. Ka ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, ka rubuta daidai, ka sa hannu da kwanan wata. Masu dubban awoyi su ne suke shigar da dunƙule, su ma sai sun raba shi bisa nau'in jirgi da matsayi, in ba haka ba ranar cike fom ɗin neman aiki ba za su iya cewa awa nawa suka yi a jirgi mai inji biyu ba.

In ta Excel za ka shigo da su, ka lura da kwanan wata. 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a manhajar da aka saita da tsarin Amurka huɗu ga Maris ne. Ka rubuta shekara, wata, rana, kamar 2024-04-03, rigimar ta ƙare.

Lokaci kuma ka saita shi a UTC, agogon duniya da harkar jirage take bi, tun daga farko, kada ka gauraya. Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya. Ka tashi daga Abuja zuwa Kano ƙarfe 18:30 agogon gida, abin da za ka rubuta 17:30 ne. In ka sa 18:30 a gurbin UTC, manhajar za ta ɗauka ƙarfe bakwai da rabi na dare ka tashi, ta ba ka tafiyar gaba ɗaya a matsayin dare, alhali wani ɓangarenta da haske ka yi shi. Dare a lissafin littafi yana farawa ne bayan ƙarewar hasken magariba, kuma a yankinmu wannan hasken gajere ne, minti ashirin da 'yan kai bayan faɗuwar rana. Manhaja tana lissafa shi daga wurin da filin jirgi yake, don haka ka tabbata ta san filayenmu: DNKN Kano, DNAA Abuja, DNZA Zariya, DNSO Sakkwato, DRRN Yamai. Ƙananan filaye da sababbi wani lokaci ba sa cikin jerinta, sai ka shigar da su da kanka tare da lambobin wurin, in ba haka ba gurbin dare zai fito sifili ba tare da ta yi maka gargaɗi ba. Tashin 00:30 na ɗaya ga wata kuwa, a UTC 23:30 ne na ranar ƙarshe ta watan da ya wuce. Masu jigilar alhazai zuwa Jidda da Madina sun san yadda wannan yake rikita lissafin wata.

Ɗauko rosta yana da daɗi, amma abin da yake zuwa galibi lokacin da aka tsara ne, ba wanda aka yi ba. Bayan an sa wa tayoyi weji an kashe inji, ka gyara lokacin fita da na tsayawa daga littafin jirgi, tun kana kan kujera. Jirgin ma ana canza shi, ka duba lambar rajistarsa. Ka kuma nuna wanda ya yi tashi da wanda ya yi sauka, domin da shi manhajar take ƙirga tashi uku da sauka uku da ake buƙatar matuƙi ya yi cikin kwana 90. Kada ka dogara da GPS ya rubuta maka lokaci: iPad mai Wi-Fi kawai ba ta da GPS a ciki, sai mai gurbin layin waya. Apple kuma ta ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 0 zuwa 35, ka san yadda cikin jirgi yake a filin Kano ko Maiduguri a watan Afrilu. Ka bar ta a gaban gilashi minti kaɗan za ta kashe kanta har sai ta huce. Manhajar da ba ta karɓar shigarwa sai da intanet ma ba ta yi mana ba.

Abin da ya fi damuna game da ku sababbi shi ne PICUS, wato awoyin da mataimaki yake yin aikin jagoran jirgi ƙarƙashin kulawar kyaftin. Lasisin ATPL, mafi girman lasisin matuƙi, a ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, yana neman awa 1,500, a ciki da 100 na dare, 75 na tuƙi da na'urori, 200 na tafiya tsakanin garuruwa, sannan ko 250 a matsayin PIC, wato matuƙin da ke jagorancin jirgi, wanda ake iya cike wani ɓangarensa da PICUS, ko 500 na PICUS. Wannan PICUS ɗin ba ya zama komai sai kamfani yana da tsarinsa da hukuma ta amince da shi, kuma kyaftin ya sa hannu. Manhaja za ta bar ka ka danna gurbin ko da babu sa hannun kowa, ba ruwanta. Haka wasu manhajoji masu bin tsarin Amurka, inda wanda yake riƙe da tuƙi yana iya rubuta PIC a wasu halaye. Kai mataimaki a jirgin matuƙa biyu a nan kada ka bari ta cika maka wannan gurbin da kanta. Mai duba littafi a NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ko a wurin ganawar aiki in ya ga mataimaki da ɗaruruwan awoyin PIC, ba zai ɗauka kuskuren saiti ba ne, zai ɗauka ƙari ka yi, kuma wannan tabon yana da wuyar wankewa.

Ka nemi sa hannun kyaftin a ranar, ko a allo da yatsa tare da lambar lasisinsa, ko a takarda. Kyaftin yana iya komawa ƙasarsu, yana iya rasuwa, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Kamfani ma yana rushewa. Mun ga yadda ake wayar gari a tarar da kwaɗo a ƙofar ofis, shugaban matuƙa ya kama gabansa, hatimi yana cikin durowar da ba mai buɗewa, mutane da awoyin shekara uku babu wanda zai tabbatar musu. Waɗanda suka rufe ofishin ba su taɓa tunanin yaran da suka bari da littafi babu hatimi ba. Don haka duk wata uku, in ya yi nisa shida, ka buga shafukan, ka sa hannu a ƙasan kowanne, ka kai ofishin shugaban matuƙa a buga hatimi, ka jera su a fayil mai zobe. Littafinka na makaranta kuma kada ka rabu da shi har abada, sa hannun malamanka da na masu jarrabawa suna ciki. Ka ɗauki hoton kowane shafi a wuri mai haske, har da bangon da ke ɗauke da sunanka.

In ka gama kwatanta shafukan jimillar ta ci gaba da saɓawa, ka rubuta wa makarantar su ba ka takardar awoyinka layi-layi daga fayil ɗin horonka, tun malaman da suka san ka suna nan. Ka turo mana hoton shafin da ya ƙi daidaita, ka rufe sunaye da lambar lasisi, in sha Allahu za mu duba tare da kai.