Guntun kod ɗaya, manhajoji huɗu: ina zan ajiye shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a unguwar Ali Ɗan Sofo nan Maradi, ina rubuta wa mutane manhaja da harshen kwamfuta na PHP. Zuwa yanzu na yi wa wani shagon magani, da wata makaranta mai zaman kanta, da 'yan kasuwar hatsi biyu. Ina da fayil ɗaya da na tara ƙananan ayyuka a ciki: mai gyara lambar waya, mai lissafin haraji, mai rubuta kuɗi da kalmomi a kan rasit. Duk sabon aiki sai in kwafa shi in liƙa. Kwanan baya na gyara kuskure a wuri ɗaya, na manta da sauran ukun, har mai shago ya kira ni ransa a ɓace. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Da farko ka sani cewa ba fayil ɗaya gare ka ba, huɗu ne masu suna ɗaya. Tun ranar da ka kwafa shi karo na farko kowane ya kama gabansa. Ka buɗe su gefe da gefe yau da dare, ka sa Git, wato manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen kod, ko editanka ya nuna maka bambancinsu, za ka ga layukan da kai kanka ba ka tuna ranar da ka taɓa su ba.

Maganin shi ne kod ɗin ya sami gida ɗaya, kamar rumbun gida: hatsi na wuri guda, kowane ɗaki ya zo ya auna. Ka buɗe masa ma'ajiyarsa ta Git shi kaɗai. GitHub, shafin ajiye kod a intanet, na ba da ma'ajiya ta sirri kyauta tun 2019, GitLab ma haka. Ka sa masa fayil ɗin composer.json domin ya zama ƙunshi, sannan a kowace manhaja ka nuna wa Composer, mai ɗauko wa PHP ƙunshin kod, adireshin ma'ajiyar a sashen repositories, nau'in vcs. Ba dole ba ne ka ɗora shi a Packagist, babbar ma'ajiyar ƙunshin PHP, duniya ta gani. Wasu za su ce ka bi ta submodule na Git, wato saka ma'ajiya ɗaya a cikin wata. Yana aiki, amma ga wanda ke aiki shi kaɗai ban cika son sa ba, don mantuwa ɗaya wajen sabunta shi tana mayar da kai inda ka fito.

Sai dai a nan ne nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau, domin gida ɗaya na da nasa haɗarin. A da, in ka yi kuskure mutum ɗaya ne zai kira ka. Yanzu kuskure ɗaya na iya shiga shaguna huɗu rana guda.

Ni ma na sha wannan. Ina da ɗan guntun da ke lissafin harajin TVA, wanda a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. Kaya na sefa 3,750 harajinsu 712.5, kuma babu mai riƙe da rabin sefa a aljihu. Wani mai shago ya ce shi dai a cike masa kuɗin zuwa dala, wato sefa biyar biyar, saboda canji. Na ga magana ce mai ma'ana, na gyara a cikin kod ɗin da kowa ke sha, na kwanta barci. Ƙarshen wata sai ga akantan wani wurin daban ya zo da takardu, ya shimfiɗa su kan tebur, ya ɗora yatsa kan layi ɗaya bayan ɗaya: nan sefa biyu, nan sefa uku, rasit ɗari da wani abu, jimilla ta ƙi haɗuwa da littafinsa. Kwana biyu mutumin yana zargin yaran shagonsa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, don laifin nawa ne ba nasu ba.

Abin da zai tsare ka daga irin haka shi ne lambar siga. Duk lokacin da ka gama gyara, ka buga wa kod ɗin alama ta Git mai lamba uku, misali 1.2.0. Tsarin da aka saba, wanda Tom Preston-Werner ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub ya rubuta ƙa'idarsa, shi ne: lambar ƙarshe ta gyaran kuskure ce, ta tsakiya ta ƙarin sabon abu wanda bai taɓa tsohon ba, ta farko kuwa ba ta motsi sai ka canza abin da zai karya wa masu amfani da shi aiki. Cike kuɗi zuwa dala da na yi, na lamba ta farko ne, ni kuma na tura shi kamar gyaran kuskure. In manhajar makaranta ta nemi ^1.2, Composer zai ba ta 1.2.1 ko 1.3.0, amma ba zai taɓa kai ta 2.0.0 ba sai da hannunka. Kuma fayil ɗin composer.lock ka riƙa saka shi cikin Git na kowace manhaja, shi ne ke riƙe da ainihin sigar da ka gwada. Wajen ɗora aiki ga mai shi, composer install za ka yi, ba composer update ba.

Yanzu me zai shiga rumbun? Ba komai ba. Mai gyara lambar waya ya cancanta, domin aikinsa ɗaya ne ko'ina: lambar Nijar alƙaluma 8 ce bayan 227, ta Najeriya kuwa 11 ce in ta fara da sifili, sai a cire sifilin a sa 234. Mu da abokan cinikinmu ke zuwa daga Jibiya da Katsina ta Ɗan Issa, manhajar da ba ta gane duka biyun ba ta gama ba. Mai rubuta kuɗi da kalmomi ma ya cancanta, har ka ba shi zaɓi ya faɗa yadda ake faɗa a kasuwa: 500 dala ɗari, 1,000 jika ɗaya. Amma rangwamen da Alhaji mai hatsi ke yi wa wanda ya ɗauki buhu hamsin, wannan nasa ne, ya zauna cikin manhajarsa. Ni sai na ga na rubuta abu sau uku a ayyuka daban daban, iri ɗaya sak, kafin in kai shi rumbu. In kuma ka ga guntu ɗaya ya fara cika da "in na makaranta ne yi kaza, in na shagon magani ne yi kaza", to abubuwa biyu ne ka ɗaure da igiya ɗaya, ka raba su. Adadin harajin ma kada ka binne shi cikin kod, ka bari kowace manhaja ta miƙa shi, don doka na iya canzawa.

Gwaji kuwa kada ka ce sai ka sami lokaci. PHPUnit, manhajar gwada kod ɗin PHP, ya ishe ka. Layi goma ma sun isa farawa: lamba mai tazara a tsakani, lamba mai alamar tarawa a gaba, akwatin da aka bari fanko, kuɗi sifili, da 3,750 ɗin nan. Duk kuskuren da wani ya kawo maka, ka fara rubuta gwajin da zai kama shi kafin ka gyara. Ka kuma ajiye ɗan fayil da kake rubuta layi ɗaya ko biyu kan abin da ya canza a kowace siga, domin bayan wata shida kai ne baƙon da zai karanta.

Wani zai ce me ya sa ba za ka ɗauko na mutane kawai ba? Ga manyan abubuwa kamar sirranta kalmar shiga ko lissafin kwanan wata, lallai ka ɗauko wanda dubbai suka gwada. PHP ma na da password_hash a cikinsa. Amma ga ƙananan abubuwa ka yi hattara. A watan Maris na 2016 wani ya janye ƙunshinsa mai suna left-pad daga npm, ma'ajiyar ƙunshin harshen JavaScript, kod mai layi 11 kacal, sai ginin dubban manhajoji ya tsaya, har da Babel, wani babban kayan aikin masu rubuta JavaScript.

Sai batun da ya shafe mu nan: wuta na ɗaukewa, intanet na yankewa, data kuma kuɗi ce. Git ba ya buƙatar intanet. Umarnin git clone --bare zai ajiye maka cikakkiyar ma'ajiya a kan kilen USB, kuma Composer na karɓar hanyar da ke cikin kwamfutarka a matsayin adireshi. Ka riƙe kwafi ɗaya a GitHub, ɗaya a kile, kada su kwana jaka ɗaya da kwamfutar.

Wajen ƙaura kada ka taɓa huɗun rana guda. Ka haɗa fayilolin su zama ɗaya, ka rubuta gwaji, ka buga 1.0.0. Ka fara da manhajar makaranta lokacin hutu, ka bar ta mako guda. Shagon magani ya zama na ƙarshe, kuma ka je da kanka da safe kafin layi ya taru, ka tsaya har a fitar da rasit uku ko huɗu a gabanka.