Tambaya da Amsa: Me Ke Kashe Ɗakin Jinka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya bar mana ɗakuna uku na jinka a ƙauye, wajen Bassa. Tun da muka dawo cikin Jos aka kulle su. Yanzu ɗaya ya rufta, biyu na yoyo, gindin bango duk ya zaizaye, alhali ɗakin gwaggonmu da aka gina tare da su yana nan garau. Me ya jawo, kuma ta ina za mu fara gyara? Daga mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kullewar nan ita ta kashe su. Ɗakin gwaggo ana hura wuta a ciki, hayaƙi na busar da shuci yana korar ƙwarin da ke cin tsaiko, kuma da ta ga ɗigo ko hanyar gara a bango, ran nan za ta sa a gyara. Ko a Turai haka ne: a ƙauyen Gearrannan na tsibirin Lewis a Sukotland, gidajen dutse masu rufin ciyawa sun kama lalacewa bayan mazauna na ƙarshe sun tashi a 1974, sai daga baya aka farfaɗo da su.

Ɓarnar daga ƙoƙuwa take farawa. Igiya ta ruɓe, iska ta buɗe saman, ruwa ya bi sandunan tsaiko ya sauka a kan bango. Kan bango ya yi laushi, tsaiko ya zauna, ruwa ya samu wurin kwanciya. Jos kuwa tana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, don haka damina ɗaya ta isa ta mayar da ƙaramin yoyo rami.

Gyara aikin rani ne, amma tanadinsa tun kaka ake yi. A yanki shuci a Nuwamba ko Disamba, ya nuna sosai, kafin a fara ƙona daji. Ɗanye ko wanda ya sha ruwa ba ya ƙarko. A sauke tsohon bunu duka, kada a ɗora sabo a kan ruɓaɓɓe don gudun kashe kuɗi. A soki kowace sanda da bakin wuƙa: wadda ta zubo da gari a cire ta, a sake tanka. Gangaren rufi kada ya gaza digiri 45, wato ɗaki mai faɗin mita 4, ƙoƙuwarsa ta haura kan bango da aƙalla mita 2. A yante shucin, a baibaye daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya rufe kusan kashi biyu cikin uku na wanda ke ƙarƙashinsa. Bakin jinka ya zarce bango da santimita 60. A ɗaure saman tamau, a kife tsohuwar tukunya a kai.

Bango kuma, don Allah a bar siminti. Ba ya kama laka, yana tsagewa ya riƙe danshi a bayansa, gara ta yi ta aiki ba a gani. A kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta tsima, a yayyafa wa bango ruwa, a yi yaɓe kaɗan kaɗan, sannan a shafe da makuba. A jera duwatsu a gindi, abin da Filato ba ta rasa ba, a ja magudana nesa da ɗaki. In babu mai zama, a ba wani aron ɗakunan ko kyauta ne.

Tambaya: Ko za a iya shimfiɗa leda a ƙarƙashin shuci? Daga wata mai karatu a Bukuru.

Amsa: Malama, tana tsare yoyo na ɗan lokaci, amma tana hana hayaƙi da iska ratsa rufin, sai ciyawar ta ruɓe daga ciki. In dole ne, a sa ta a ƙoƙuwa kaɗai, kamar mita 1 daga sama.