ThinkPad ta hannu: T470, T480 ko T490?

Tambaya: Ni akanta ne, ina neman laftof ta hannu da za ta jure aikin ofis. Mai shago ya jera mini ThinkPad T470 da T480 da T490, ya ce lamba ce kawai ta bambanta su. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Malam, maganar mai shagon ba haka take ba. Tun da kamfanin IBM ya fito da ThinkPad a 1992, har Lenovo ya saye sashen kwamfutocinsa a 2005, baƙar rigarta da jan ɗigon nan na tsakiyar madannai ba su sauya ba, shi ya sa ido yake ganin su kamar 'yan uwa ɗaya, alhali kayan cikinsu sun sha bamban.

Fara da cire T470 daga lissafi. Injinta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na kamfanin Intel zubi na 6 ne ko na 7, ga shi Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 galibi daga zubi na 8 take karɓa.

T480, wadda ta fito a 2018, ita ce zaɓina. Batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a ƙasa wanda za ka zame maɓallansa ka ciro, ka saka wani ba tare da ta mutu ba, kuma duk wanda aka taɓa ɗauke wa wuta yana tsakiyar haɗa albashin ma'aikata ya san amfanin wannan. Tana kuma da gurbi biyu na ram, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, don haka idan aiki ya ƙaru sai ka ƙara mata. A T490 ta 2019 an rage kauri, amma an manne wani ɓangare na ram a jikin allon injin, gurbi ɗaya ya rage, batirin waje kuma aka cire shi. A ganina siranta ba ta kai abin da aka sadaukar dominta ba.

Sai dai ka yi hattara, domin akwai T480 masu injin zubi na 7. Kada ka dogara da takardar da aka liƙa a jikinta. Ka kunna ta a gaban mai shagon, ka duba lambar injin: idan ka ga i5-8250U ko i5-8350U, zubi na 8 ke nan, ka yi ciniki, idan i5-7300U ce, zubi na 7, ka mayar masa. Sannan ka zare cajar, ka ga ko batiran biyu suna riƙe wuta kafin ka biya.