Kwastoma Ya Biya Bashin Katinsa, Sai Ya Dawo da Kaya

Ka tambaye ni: "Maigida, mutum ya sayi kaya da katin bashi, wata ya ƙare ya biya bankinsa kaf, sannan ya dawo mana da kayan. Tunda ba a binsa ko sisi, ina kuɗin zai faɗa? Ba gara mu ƙirga masa tsabar kuɗi a hannu ba?"

Kada ka soma, ɗana. Abin da ya shigo ta kati, ta kati yake komawa, kuma katin da aka yi cinikin da shi, ba na matarsa ko na ƙaninsa ba. Ƙa'idar Visa da Mastercard ke nan. Ranar da ya ɗauki kayan, ba kuɗinsa muka karɓa ba, bankinsa ne ya biya mu a madadinsa. Biyan da ya yi a ƙarshen wata kuwa tsakaninsa ne da bankin, na'urarmu ba ta ma san an yi ba. In ka ba shi tsaba, ka buɗe ƙofar da mai katin sata ke nema: ya sayi kaya da safe, ya dawo da yamma ya karɓi takardun kuɗi, mai katin na gaskiya ya kai ƙara, a zare kuɗin daga asusun shago.

Fara duba ranar ciniki a rasit. In yau aka yi shi kuma ba mu rufe lissafin yini a na'ura ba, soke cinikin kawai za ka yi, domin kuɗin bai motsa ba, an dai riƙe shi ne, bankin zai sake shi. Amma wanda har ya biya bashin wata, cinikinsa ya daɗe da wucewa, saboda haka sai mayarwa. Ka nemo cinikin asali, ka gwada lambobi huɗu na ƙarshen kati da na rasit, ka shigar da adadin, ka ba shi sabon rasit. Daga nan saƙon zai bi ta bankin shago, ya ratsa kamfanin katin, ya isa bankin kwastoma.

To, ga inda kuɗin ke sauka. A ce firji ne na dala 400, asusun katin kuma yana kan sifiri. Da mayarwar ta shiga, zai ga −400, wasu bankuna kuma su rubuta CR a gefen adadin. Nan ne mutane ke firgita, su zaci sabon bashi aka lafta musu. Ka kwantar masa da hankali: reshe ne ya juye da mujiya, yanzu shi ke bin banki. In ya riga ya sha mai da cefane na dala 150 a katin, zai ga −250. Duk abin da ya saya nan gaba daga wannan rarar za a cire har ta ƙare. Kuɗin dai ba zai koma asusun albashinsa da kansa ba, wanda nan ne yawancinsu ke zuwa su duba, su dawo suna cewa ba mu tura ba.

In yana son kuɗinsa a hannu, bankin zai nema, ba mu ba. A nan Amurka dokar da ake kira Regulation Z ta ce rarar da ta haura dala 1, in mai kati ya nema a rubuce, banki ya mayar masa cikin kwana 7 na aiki. In bai nema ba har ta wuce wata 6, banki ya yi ƙoƙarin aika masa. Ka ja masa kunne kada ya je ATM ya zara kai tsaye bai tambayi banki ba, don ana iya lissafa shi a rancen tsabar kuɗi a caje shi. Mu ma dokar ta ɗaure mu: kwana 7 na aiki gare mu mu tura sanarwar mayarwa bayan mun karɓi kaya, banki kuma kwana 3 na aiki gare shi daga isarta ya saka kuɗin a asusun katin. Saboda haka kada ka ce masa "gobe za ka gani".

Akwai wani rami da masu kati ke yawan faɗawa. Takardar lissafin wata ta fito, ana binsa 500, mayarwar 400 ta shiga, sai ya miƙe ƙafa ya ce ai an biya. Yawancin bankuna ba sa ɗaukar mayarwa a matsayin biya. Bashin ya ragu, amma mafi ƙarancin abin da aka ce ya biya a watan yana nan, in ya tsallake ranar sai tarar jinkiri. Kuɗin ruwan da aka riga aka caje shi ma ba ya dawowa tare da kuɗin firjin, makin garaɓasar da ya samu kuwa janye shi ake yi. Mai katin wata ƙasa zai iya ganin abin da ya dawo ya ɗan gaza ko ya ɗara, saboda farashin canjin ranar mayarwa daban yake da na ranar saye.

In an canza masa kati saboda ya ɓata ko wa'adinsa ya cika, ka tura wa tsohuwar lambar, galibi banki na karkatar da kuɗin zuwa asusun. In mako biyu ya wuce shiru, kada ka sake turawa. Nemo masa lambar ARN, wato lambar shaidar mayarwar, a shafin kamfanin da ke sarrafa mana biya, mai lambobi 23, ya kai wa bankinsa su bi sawu. Kafin ka taɓa kowace mayarwa kuma, duba ko ya riga ya shigar da ƙorafi a banki kan wannan ciniki. In ya shigar, kawo mini rasit ɗin tukuna, don in ka tura kuma bankin ya zare, firji ɗaya shago zai biya sau biyu.