Ƙima, farashi da harajin gida

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Na karanta cewa ƙananan hukumomi kan lissafa harajin gidaje ne bisa "ƙimar" gida. Shin ƙima da farashi ba abu ɗaya ba ne? Kuma ko ya dace a ce wannan haraji "daidai ruwa daidai tsaki" ne?

Amsa: Amin, ɗan'uwa. Ba ɗaya ba ne. Farashi shi ne kuɗin da mai saye da mai sayarwa suka daidaita a kai, aka yi sallama. Ƙima kuwa, wadda muka aro daga Larabci, kintace ce ta masani: ya dubi abu ya ce zai kai kaza, ko da ba a sa shi a kasuwa ba. Shi ya sa muke cewa an ƙimanta gida, muna kuma cewa wane mutum ne mai ƙima, amma ba a cewa mutum mai farashi sai da zagi.

Ita ma kalmar haraji daga Larabci take. Asalinta kuɗin da ake sa wa ƙasar noma ne, irin wanda aka ɗora wa gonakin Iraƙi a zamanin Halifa Umar. Ka ga tun fil azal da ƙasa ta taso, daga baya ta yi faɗi.

Ga yadda lissafin yake. Jami'in ƙima yakan dubi girman fili, da irin ginin, da shekarunsa, da nawa aka sayar da makamantansa a kusa. Wasu wuraren ba a ɗaukar ƙimar duka. A jihar Jojiya ta Amurka kashi 40 cikin 100 ake ɗauka. Mu ƙaddara gida ya kai dala 200,000, to a kan 80,000 za a yi lissafi. Idan akwai rangwame, kamar na wanda ke zaune a gidansa, sai a cire. Sannan a ninka da mizanin haraji. In mizanin 25 ne a kowace 1,000, harajin shekara ya zama dala 2,000.

Mizanin nan shi ne abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Hukuma kan fara da kasafinta: nawa take nema daga wannan haraji don makarantu da hanyoyi da 'yan kwana-kwana? Sai ta raba adadin da jimillar ƙimar kadarorin yankin. Saboda haka gidaje duka na iya tsada, naka harajin bai motsa ba, matuƙar kasafin bai ƙaru ba kuma gidanka bai tsere wa na maƙwabta ba.

Sai karin maganar. Tsaki shi ne hatsin da aka ɓarza bai yi laushi ba, manufar kuwa a yi abu gwargwadon abin da ake da shi. A takarda ta dace, tunda mai babban gida ya fi biya. A aikace ina da ja, domin ƙima kan tsufa. A Ingila har yau ana karkasa gidaje rukuni takwas bisa ƙimar 1991. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar 1978 ta hana ƙimar haraji hawa fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara sai in an sayar da gidan, don haka gidaje biyu iri ɗaya, katanga ɗaya, sabon saye na iya biyan ninkin na tsohon mazauni.

Wadda ta fi amfani a nan ita ce "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo". Jami'i yakan ƙimanta dubban gidaje daga rajista, bai ga tsagewar bangonka ba. Shi ya sa dokoki kan ba mai gida wa'adin ƙorafi, ya kai hotuna da shaidar cinikin gidajen kusa. Ƙimar ake ƙalubalanta a wurin, ba mizanin ba. Wannan sai a zaman kasafi.