Saƙar gizo a jikin bugu: amsa ga yaron shagona

Ɗana, jiya muna tattara kaya za mu rufe shago ka miƙo mini mariƙin wayar da ka buga da injinmu na 3D mai ƙera kaya da narkakkiyar roba, duk jikinsa silili-silili kamar saƙar gizo, ka ce, "Maigida, babu abin da ban taɓa ba a cikin Cura, amma abin sai ƙara lalacewa yake yi. Ina zan gyara?" An kira magariba, ban tsaya ba. To ga amsar.

Cutar tana cikin maganarka: ka taɓa komai. Ka rage zafi, ka ƙara gudu, ka murɗa fanka, duk a zama ɗaya. Ko da bugun ya yi kyau, wanne za ka ce shi ya gyara? Mayar da silaisa, wato Cura, manhajar da ke yanka zane sahu-sahu ta ba inji umarni, kan saitin da ta zo da shi na injinmu Ender 3, ka samo littafi, ka riƙa canza abu ɗaya, ka buga, ka rubuta. Kuma daina gwaji da mariƙin waya mai cin awa uku. Ka buga 'yan ginshiƙai biyu sirara a tsaye, da rata a tsakaninsu. Cikin 'yan mintuna za su nuna maka ko saƙar na nan.

Amma kafin ka zargi kwamfuta, kasa kunne kusa da nozul, bakin da narkakkiyar roba ke fita, in ana bugu. In ka ji tas-tas ƙasa-ƙasa kamar ana tuyar gugguru, zaren robar da injin ke narkarwa ya sha danshi. Watan Agusta muke a Zariya, kwarkwaron nan kuwa ya fi sati uku yana rataye a buɗe kusa da taga. Ruwan da robar ta tsotsa yana tafasa a cikin nozul, tururin ya turo narkakkiyar roba waje ko da injin bai tura ba. Babu lambar da za ka sa a silaisa ta busar da jiƙaƙƙen zare. Sa shi a na'urar busarwa, digiri 45 zuwa 50, awa huɗu zuwa shida. Kada ka kai 60, don a nan PLA, irin robar zarenmu, ke fara laushi, sai zaren ya manne wa juna. Daga nan ajiyarsa bokitin fenti mai murfi, da 'yan ƙunshin tsotse danshin nan da ake samu a kwalin takalmi. Da hunturu kuma labarin daban ne: ƙura ce ke bin zare ta toshe nozul, iskar asuba ta ɗaga kusurwar bugu daga farantin da ake bugu a kansa. In lokacin ya zo ma yi maganarsa.

In zare ya bushe, sai zafi. PLA tana aiki tsakanin digiri 190 da 220, ka sa 225 don wai ya fi kamawa. Roba in ta yi zafi da yawa sai ta tsinke kamar kunu, ta riƙa ɗiga duk inda kan injin ya bi. Buga hasumiyar gwaji mai hawa-hawa, kowane hawa da zafinsa, ka fara da 220 a ƙasa kana sauka biyar-biyar har 190. Zaɓi hawan da ya fi tsabta, amma fa ka sa hannu ka gwada karya shi. In ya ɓalle tsakanin sahu da sahu ba wuya, sanyin ya yi yawa, ka ƙara biyar. Kowane kwarkwaro da halinsa, har launi na canza lissafi, shi ya sa nake rubuta lambar da alƙalamin maka a jikinsa.

Sai ritirakshan, wato janye zare baya kafin kai ya tsallaka fili. Injinmu mai tura zare ta doguwar tiyo ne, don haka fara da milimita 5, gudun janyewa milimita 45 a sakan. In saƙar na nan, ƙara rabin milimita, ka sake bugawa. Kada ka wuce 7. Ni na taɓa kai shi 9 da zafin kai, ina buga wa wani ɗalibin zanen gine-gine daga Samaru samfurin gida. Narkakkiyar roba ta riƙa hawa sama tana daskarewa inda babu zafi, nozul ya toshe, injin ya kwana yana yawo a iska babu abin da ke fita. Da safe rabin gida na tarar, ba rufi. Injin da motar turawarsa ke zaune a kan kai kuwa, milimita 1 ko kusa da haka ta ishe shi.

Na juya mariƙin naka na ga gindinsa ya baje ya fi jikin faɗi. Nozul ya matse faranti da yawa. Zura farar takarda a tsakaninsu, faranti na da zafi, a kusurwa huɗu da tsakiya: ta wuce tana ɗan gogawa, ba ta cije ba. Sahun farko ya tafi a hankali, milimita 20 a sakan, fanka a kashe, daga baya ta buɗe gaba ɗaya. In gindin bai daina bajewa ba, sauke zafin faranti daga 60 zuwa 55.

Kaurin sahu bar shi a milimita 0.2, shi ya dace da nozul 0.4. Na 0.12 ya fi sumul, amma lokaci kusan ninkawa yake, ga wutarmu da ka sani. Cikon ciki kuma da ka sa kashi 100 asarar zare ce. Sa 20, ka mayar da bango uku ko huɗu, ƙarfin a bango yake.

Af, in mariƙin nan na mota ne, PLA ba za ta kai labari ba. A bar mota a rana a unguwar PZ cikin watan Afrilu, kafin la'asar ya lanƙwashe. Wannan aikin PETG ne, wata irin roba da ta fi jure zafi, ana buga ta a digiri 230 zuwa 250, ita kuwa ta fi PLA saƙar gizo nesa ba kusa ba, don haka sai ka iya wannan tukuna.

Gobe in ka riga ni zuwa, sa baƙin kwarkwaron a busarwa kafin ka yi shara. Ginshiƙan ma buga su bayan azahar, in akwai wuta.