Fankar Sienna tana ƙona fis: in bari a ɗaura waya?

Tambaya: Injiniya, Sienna ce da ni ƙirar 2006. Fankar da ke hura hita da esi ta yi ta kuka, daga baya ta tsaya cak. Fis biyu na sa, duk sun ƙone. Mai wayarin ya ce ya ɗaura waya kawai a wuce wurin. Ga hunturu ya kawo kai, kuma da sassafe nake kai yara makaranta.

Amsa: Alhaji, kada ka yarda. Kullum sai an kawo mini mota na buɗe akwatin fis na tarar da silin waya, ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli, a ce wai an gyara. Na gaji da wannan magana. Fis ba shi ne mai laifin ba. An yi shi ne ya ƙone kafin wayoyin mota su ƙone. Idan boris ɗin fanka ya cije, sai ta riƙa jan wutar da ta fi ƙarfin layin. Ka cire mai gadin, ina zafin zai tafi? Cikin wayoyin bayan dashbod, inda ido ba ya gani, roba ta narke, sai dai ka ji ƙauri kana tsakiyar titi da yara a baya. Masu sa fis mai babbar lamba su ma duk kanwar ja ce. Lambar da ta dace tana rubuce a murfin akwatin, ba wanda ya fi masu ƙera motar saninta. Wanda ya ce maka "haka muke yi kullum", ɗauke motarka ka yi gaba.

Kukan nan da ka ji ya nuna fankar ce. Tana ƙarƙashin dashbod ta gefen fasinja, sukurori uku ke riƙe da ita. A cire kan batir na nagetib tukuna, a zare soket, a sauko da ita. Juya ta da hannu: in tana tirjewa, ta gama aiki. Wani lokaci ma ƙura ce da sheƙar ɓera suka cushe ta. In 'yar Beljiyam za ka saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, a jona ta da batir a gabanka kafin ka biya.

A duba soket ɗin ko ya yi baƙi, a duba rezisto (abin da ke daidaita gudun fankar) da ke kusa da ita, a kuma canza matatar iska da ke bayan akwatin ajiya na dashbod.